Da Na Tafi Auna Shirin Wasu

Filin jirgin sama na biyu ne ya fara karya mini gwiwa. Jirgin da ya ɗauko mu daga Yamai ya makara, wanda zai wuce da ni kuma bai jira ba. Sai ga ni zaune kan kujerar ƙarfe a ƙasar da ba ita na nufa ba, daga ni sai jakar hannu da darduma. Babbar jakata, in ji saurayin da ke bayan kanta, ta riga ni yin gaba. Na ce gaba ina? Ya ɗaga kafaɗa, ya kira na bayana. A nan na kwana na wuni. Wata mai shara ce ta lura ina neman inda zan yi salla, ta ja ni wani lungu bayan shagon turare, ta tsaya da tsintsiyarta tana kare ni daga masu wucewa har na sallame. Ba mu ji yaren juna ba.

Sunana Habsu. Shekara ashirin da wani abu ina aikin sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa a gundumar lafiya ta Gidan Rumji. Aikina in ji labarin ciwo tun bai zama annoba ba. Majo-majo, wato masu riƙe da ƙananan asibitocin ƙauye, su kira ni, in hau moto, wato babur, in je in gani, in ɗebo abin gwaji, in sanar da Maraɗi. Da bazara sanƙarau da dusa, wato ƙyanda, da damina amai da zawo. Haka shekarata take juyawa.

Akwai wani tsari da ƙasashe suka amince da shi a tsakaninsu. Ƙasa takan auna kanta, ta rubuta irin shirin da ta yi wa annoba, sannan ta gayyaci ma'aikatan lafiya na wasu ƙasashe su zo su duba ko abin da ta rubuta haka yake. Ana bi fanni-fanni: ɗakunan gwaji, rigakafi, cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, mashigar ƙasa ta sama da ta tudu da ta ruwa. Kowane fanni a ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar. Ɗaya ja ne, biyu da uku rawaya, huɗu da biyar kore. Ba a zuwa da sanda. Cewa ake takwarori ne ke duba takwarorinsu, kuma ba a rubuta maki sai baƙi da masu gida sun yarda da shi.

Shekarun baya irin wannan tawaga ta zo ƙasarmu, ni na zagaya da wasunsu kan iyaka. Shugabarsu, wata baturiya mai furfura da ake kira Madam Kilara, ta riƙe sunana. Da aka tashi haɗa tawagar da za ta je wata ƙasa ta tsakiyar Afirka, mai duba mashigar ƙasa ya fasa, sai ta nemo ni. Ban so barin gida da damina ba, amma maigidana Malam Isufu ya ce irin wannan ba kullum take zuwa ba. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Na sha ruwansu, kuma abin da na gani a can ba su kaɗai ke da shi ba.

Na sauka ƙasar da rana tsaka, ana zabga ruwa, iska ta yi nauyi kamar an rufa wa mutum jiƙaƙƙen bargo. A bakin ƙofar shiga wani mai farar riga yana nuna wa kowa na'urar auna zafin jiki a goshi, yana cewa a wuce. Da aka zo kaina na leƙa fuskar na'urar. A mace take. Ya karɓi katin rigakafina na shawara, ya juya gaba ya juya baya, ya ce hatimin bai fito sosai ba, sai an sake mini allura, ko kuma mu fahimci juna. Na ce a yi allurar, amma ya fara nuna mini firijin da ake ajiye ta. Ya dube ni, ya miƙo mini katina.

Na fito ina ganin na tsallake, ashe na gaba yana waje. Wani mutum mai fara'a yana riƙe da kwali an rubuta cewa yana jiran baƙin ma'aikatar lafiya. Ya karɓi jakar hannuna da ladabi, ya ce sai dai in taimaka da na mai, ma'aikata za ta mayar mini. Ya sauke ni a ƙofar wani otel, ya ce bari ya gyara tsayuwar mota. Ban sake ganinsa ba. Otel ɗin ma ba namu ba ne, namu yana can ɗaya gefen gari. Allah ya sa na riga na karɓe jakata kafin in fita motar. Yarinyar da ke karɓar baƙi ce ta yi ta buga waya har aka gano inda tawagarmu take, tana yi tana girgiza kai tana ce mini ba ni ce ta farko ba.

Zauren taro yana cikin babban otel, kilim na hura sanyi har ƙashi. Galibin ƴan tawagarmu manyan lokotoro ne, wato likitoci, masu zaman buro a manyan birane. Ni kaɗai na fito daga inda ake ɗaure akwatin sanyi a bayan moto. Masu masauki sun fi mu yawa nesa ba kusa ba: na lafiya, na dabbobi, sojoji, duwan masu karɓar kuɗin fito, har na ma'aikatar kuɗi. Shugaban kowane fanni ya tashi ya haska hotuna a bango, ya faɗi makin da suka ba kansu, mu kuma mu yi tambaya. Rabin magana da Faransanci, rabi da Ingilishi. Abin fassarar da ake maƙalawa a kunne ya ƙi zama bisa kallabina, kullum da ciwon kai nake tashi.

Atamfa ɗaya gare ni. In wanke ta a kwamin wanke hannu, in shanya, gari ya waye ba ta bushe ba, in sa ta haka. Wata likitar dabbobi daga gabashin Afirka ta ga ina rawar sanyi, ta cire mayafin ulu daga kafaɗarta ta yafa mini. Abincinsu rogo ne da ake naɗewa a ganye, da miyar ganyen rogo, da nama iri-iri da ban san na mene ne ba, ban kuma san wa ya yanka ba. Na zauna kan burodi da shayi da ayaba.

Takwarana a fannin mashigar ƙasa shi ne Lokotoro Selestin, dogo, mai taushin murya, idonsa irin na wanda barci bai ishe shi ba. Ya ce sun ba kansu huɗu. Ya nuna hotunan ɗakunan da ake keɓe matafiyi mai ciwo, gadaje farare, ma'aikata cikin kayan kariya. Na tambaye shi na'urar filin jirgi. Ya ce batir ne, an riga an sauya. Na bar maganar. Baƙuwa ce ni, kuma ba a yanke wa ƙasa hukunci da batir.

Ana hutun shan shayi salulata ta yi ƙara. Majo Lawali ne, mai riƙe da asibitin da ya fi kusa da ƙauyenmu, a bakin gulbi tsakanin Tsibiri da Gidan Rumji.

"Madam, abin nan ya taso."

"Wane abu, Majo?"

"Na damina. Zawo awa ruwan shinkafa. Tun jiya ake kawo su a amalanke."

"Daga waɗanne garuruwa?"

Ya lissafa. Na uku da ya ambata namu ne.

Na ce a kafa tanti nesa da rijiya, a fito da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayar cuta, daga magaza inda muke ajiya, a sanar da Maraɗi kafin la'asar. Ya ce duk an yi, mataimakina yana kan hanya. Ba wani abin da na faɗa wanda ba su riga sun sani ba. Na kashe, na kira yayana Shaibu, wanda ke zaune a gidanmu na ƙauye tare da Gwaggo Abu. Gwaggo ƙanwar babanmu ce, ita ta raine ni tun rasuwar uwarmu, ita ke raka ni lakol, makarantar boko, da ƙafa lokacin da nake tsoron hanya. Na sha roƙonta ta dawo wurinmu Gidan Rumji, ta ce ba ta barin awakinta.

"Yaya, kada kowa ya sha ruwan da ba a tafasa ba. Gwaggo musamman."

"Mun hwaɗa mata. Ta ce ruwan da aka dahwa ba ya kashe ƙishirwa."

"Ba ta salular."

Na ji ƙarar zaninta, sannan muryarta, da ƙarfi, don ta ɗauka nisan ƙasa sai da ɗaga murya.

"Habsu, kina samun abin ci dai?"

"Ina samu, Gwaggo. Ruwan nan don Allah a riƙa tafasawa."

"To, na ji. Ke dai ki ci abinci."

Na sami Madam Kilara na ce ina so in koma gida. Ta saurare ni har na gama. Ta ce jirgin da ke bin hanyarmu ba kullum yake tashi ba, kuma babu wanda zai maye gurbina. Gobe ne ranar zuwa gani da ido. In yi wannan, in na dawo za ta nema mini kujera a jirgi na farko. Ban ga laifinta ba. Na koma na zauna, ana haska hotunan ɗakunan gwaji, ni kuma idona na kan tantin Majo Lawali.

Da safe muka kama hanya, ni da Lokotoro Selestin da direba, zuwa wani gari na bakin kogi inda ƙasar ta yi iyaka da maƙwabciyarta. Jan taɓo, itatuwa sun haɗe a saman hanya. Ni da na saba in tsaya bayan gidanmu in hango gero har inda ido ya ƙare, a nan sai na ɗaga kai sosai nake ganin ɗan yankin sama. Ƙirjina ya riƙa yin ƙunci. Motar ta kafe, muka fito, samarin wani ƙauye suka tura. Muka tsallake wani ƙaramin kogi a bak, wato faffaɗan jirgin ruwan da ke ɗaukar mota. Sai bayan azahar muka isa.

Kogin iyakar ya fi duk ruwan da na taɓa gani. Kwale-kwale suna kaiwa da kawowa, da mutane da awaki da buhunan rogo. Ɗakin lafiyar yana saman gangare. An shirya mana. Ma'aikata sun jeru cikin fararen kaya. Ɗakin keɓewa da gadaje sababbi, ledarsu ma ba a cire ba, da bokitai masu famfo a bakin ƙofa. Na jingina da bango, fenti ya kama mini hannun riga. Mai kula da wurin wata gajeriyar mata ce da ta kusa sa'ata, Madam Odet. Duk tambayar da na yi mata, Lokotoro Selestin take kallo kafin ta amsa. Na ce ina kuke samun ruwa? Ta ce akwai. Na rubuta abin da aka nuna mini.

Da muka juya, ƙaramin kogin ya cika ya batse, masu bak sun ɗaure jirginsu sun tafi gida. Muka koma garin, aka sauke mu a gidan baƙi na coci.

Gari ya waye ban iya tashi salla a tsaye ba. Masassara, amai, cikina yana murɗawa. A ƙasarmu da na ce palu ne, zazzaɓin cizon sauro, in sha magani in kwanta. Amma wannan ƙasa ce da ta san zazzaɓin nan mai sa zubar jini, wanda ke cinye gida guda har da masu jinya. Dokar a fili take, matafiyi mai zazzaɓi da amai a bakin iyaka sai an keɓe shi har sakamakon gwaji ya fito. Lokotoro Selestin ya tsaya a ƙofa yana cewa ko a ɗan jira a gani. Ni da bakina na ce a kai ni ɗakin keɓewa.

Babu komai a ciki. Gadajen, bokitan, har labulen taga, mota ta kwashe su tun jiya ta mayar da su asibitin wani kamfanin katako inda aka aro su. Ma'aikatan da suka jeru su ma aro ne. Siminti ne kawai da warin fenti. Lokotoro Selestin ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai shigo ba. Da ruwa ya ɗan janye ya tsallaka a kwale-kwale ya koma birni, domin ana jiransa a zaure.

Madam Odet ta tafi, ta dawo ɗauke da katifa a ka. Ta gidanta ce, da zanen gado mai furanni. Safar hannu ƙwaya biyu gare ta, takan wanke su da ruwan jabel ta shanya a igiya. Ta ɗebi jinina. Gwajin palu na nan take ya nuna akwai, amma wannan bai wanke ni daga ɗayan ba. Kwalbar jinin sai da ta nemo ƙanƙara wurin mai sayar da kifi, ta ba mai kwale-kwale, shi kuma ya ba mai moto. Ruwa kuwa daga kogi take ɗaukowa a jarka, ta hau gangaren da shi, ta ɗiga jabel. Ita ta sa mini ƙarin ruwa, ita ta riƙa kwashe abin da na fitar. In ta gama da ni ta wanke hannu ta koma bakin kogi tana duba masu sauka. Ban taɓa ganin ta zauna ta ci abinci ba.

Babu rezon waya a garin sai kan wani tudu bayan coci. Ina kwance, salula a gefena kamar dutse. Na yi ta ƙirga ƙauyukan bakin gulbi a raina, ina bin ruwan yadda yake gangarawa, ina cewa in ya kama nan, gobe sai can. Na yi kuka, ba don ciwo ba.

Wata safiya na ji sallama ta taga, da irin Hausarmu.

"Salamu alaikum. An ce mini akwai Bahausa nan ciki."

Na yunƙura na leƙa. Wani tsoho ne da hula ta sha jiki, tsaye bayan layin da Madam Odet ta ja a ƙasa don kada kowa ya matso. Ita ta ga dardumata ta je kasuwa ta nemo shi. Sunansa Baba Ɗan Jimma, mahauci, mutumin Cadawa. Ya biyo fataken shanu tun yana saurayi, ya yi aure a nan, ya haifi ƴaƴa da jikoki, bai sake komawa ba.

"Ɗiyata, daga wane gari?"

"Gidan Rumji, Baba."

"Bagobira ke nan. To, ko ke ce, sannu." Ya yi ƴar dariya irin ta abokin wasa. "Ga kunu na sa an dama miki. Na masara ne, gero babu shi ƙasar nan. Ki yi haƙuri."

Ba tsamiya, lemon tsami aka matsa. Shi ne abu na farko da ya zauna a cikina. Kullum da safe sai ya zo, ya ajiye kwano a kan layi, ya ja baya ya tsuguna. Ya tambaye ni ko har yanzu ana noman aya a wajen su, ko an yi kwalta zuwa Mayahi, ko su wane da wane suna da rai. Ban san ko ɗaya daga cikin waɗanda ya ambata ba. Wani lokaci kalma takan ɓace masa, ya tsaya yana nema, in tuna masa, ya maimaita ta a hankali kamar yana ɗanɗanawa.

Na roƙe shi alfarma. Madam Odet ta goge salulata da jabel, ya ɗauka ya hau tudun bayan coci da sandarsa don ya kira mini Malam Isufu. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya ajiye salular a kan layi.

"Mai gidanki ya ce ki kwantar da hankalinki. Ana ta aiki, ciwon ya fara sauƙi. Ke dai ki warke."

"Gwaggona fa? Kun tambaya?"

"Ya ce ki warke ki zo." Yana maganar yana kallon kogi. Na ɗauka gajiyar hawan tudu ce.

Sakamakon ya iso bayan kwanakin da suka ishi mai wancan ciwon ya mutu a binne shi. Babu shi. Palu ne da gurɓataccen ruwa. Madam Odet ta cire safar hannunta, ta shigo ta zauna a gefen katifar, karo na farko. Na ce mata jibi za a yanke maki, me take so in faɗa?

Ta daɗe tana kallon hannuwanta, duk jabel ya cinye su.

"In kin faɗa, za su ce ni na tona. In ba ki faɗa ba, wanda za a kwantar nan bayanki ƙila ba palu ne da shi ba. Ban san wanne zan roƙe ki ba, Madam."

Lokotoro Selestin da kansa ya zo ɗaukata. Baba Ɗan Jimma ya rako ni har bakin mota da kilishi a takarda, ya ce in na ratsa ta Cadawa in gai da garin. Bai ce in gai da kowa ba.

Mun yi nisa a daji kafin Lokotoro ya yi magana. Ya ce shekara da shekaru yana rubuta neman gadaje da rijiyar burtsatse ga wannan wuri, ba a taɓa amsa masa ba. Ya ce manyansa kore suke so su gani, domin za a buga rahoton duniya ta karanta.

"In kika ce biyu, ni za a cire. A kawo wanda bai taɓa ganin kogin nan ba."

Na san ba ƙarya yake ba. Na ce, "Lokotoro, na san fenti. Ko'ina in baƙi za su zo ana shara. Da gani kawai na yi na wuce, ƙila da mun yi ciniki a kan uku. Amma na kwanta a ɗakin."

Ya miƙo mini gorar ruwa, ya ce in sha, leɓena sun bushe.

Ranar yanke maki zauren ya cika. Da aka zo fanninmu na tashi, mayafin ulu a kafaɗata. Ban ambaci aro ba, ban ambaci kamfanin katako ba. Na ce ni ce matafiyi mai zazzaɓi da aka keɓe a mashigarsu ta ruwa. Na faɗi abin da na kwanta a kai, da inda ruwa yake fitowa, da yadda jinina ya yi tafiya. Na ce abu ɗaya ne ya yi aiki yadda littafi ya ce, ita ce matar da ke wurin, kuma ita kaɗai ce, in ta kwanta ciwo an rufe iyakar ke nan ko an buɗe ta ga kowa. Na ce a ganina biyu ne.

Wani babba daga ma'aikata ya tashi ya ce suna ba ni haƙuri kan abin da ya same ni, amma ba a auna ƙasa da tsautsayin wuri ɗaya. Wani soja ya goyi bayansa. Wani ɗan tawagarmu ya kawo shawarar uku, don kowa ya fita da mutuncinsa. Aka yi ta ja har la'asar ta wuce, ni dai ina zaune kaina na sarawa. Daga ƙarshe Madam Kilara ta juya ga Lokotoro Selestin, ta ce shi ne mai fannin, me ya gani?

Ya jawo abin magana kusa da bakinsa. Ya ce, "Biyu."

Aka rubuta biyu, da shawarar a kai ruwa da gadaje da ƙarin ma'aikata mashigun kogi. Ba wanda ya tafa. Aka wuce fanni na gaba. Daga baya na ji an mayar da Lokotoro Selestin wani buro da ba a kai masa ko takarda. Madam Odet kuwa na sha gwada lambarta, ba ta shiga. Ban sani ba ko rezo ne, ko an ɗauke ta daga wurin. Ban sani ba ko an kai ruwan.

Babbar jakata ta iso otel ranar da za mu tashi. Ban ko buɗe ta ba, na mayar da ita cikin jirgi. Na kira gida daga filin jirgi, Malam Isufu ya ce sai na zo, kuɗin waya na tafiya.

Daga Yamai na shiga kar, babbar motar fasinja, tun da asuba. Gero ya yi tsawo a gefen hanya, sama ta buɗe, na riƙa jan numfashi kamar wadda aka sako. Da yamma kar ta tsaya Gidan Rumji. Malam Isufu yana tsaye a bakin kwalta, kusa da shi Yaya Shaibu. Yaya ba ya barin gona da damina don tarbar kowa. Na tsaya a ƙofar kar har na bayana suka ce in ba su hanya.

Malam Isufu ya karɓi jakar. Ya ce, "Sai haƙuri, Habsu. Ranar da tsohon nan ya kira, da safen aka binne Gwaggo. Na faɗa masa. Shi ya ce kada a gaya miki kina kwance ƙasar mutane."

Ba mu shiga gida ba, muka wuce ƙauye. A hanya muka ratsa ta asibitin Majo Lawali, tantuna suna nan, mutane kwance da ledar ruwa a rataye. Ya hango ni ya ɗaga hannu, bai iya barin wanda yake kai ba. Yaya ya ce Majo ya yi iyakar ƙoƙarinsa, su ne suka makara kawo ta, gulbi ya cika, amalanke ya kasa tsallakawa sai da rana ta ɗaga.

Na ce, "Ta tambaye ni?"

"Ta tambaya. Na ce kin tahi wata ƙasa duba asibitocinsu, ko sun shirya ma ciwo."

"Mi ta ce?"

"Ta ce, to, su ma mutane ne."

Mata suna zaune a tsakar gida, suka matsa suka ba ni hanya. Awakinta suna ɗaure a turke, wani ya zuba musu harawa. Na tuɓe takalmi a ƙofar ɗakinta na shiga. An ƙone tabarmar, an fitar da gadon. Bango da ƙasa da bayan ƙyaure duk warin jabel suke yi. Ni na koya wa yaran yadda ake fesa ɗakin wanda ciwon ya kashe, kuma sun fesa shi yadda ya kamata, ba su bar ko lungu ɗaya ba.